Masu Karatun Ɓawon Mapul

A dazuzzukan arewa maso gabashin Amurka da lardin Kwibek na Kanada akwai wata sana'a wadda ta girmi zuwan Turawa, domin kuwa 'yan asalin ƙasar, irin su Abenaki da Ojibwe, su ne suka fara tsaga jikin itacen mapul a ƙarshen hunturu, sa'ad da dare yake daskarewa rana kuma take narkar da ƙanƙara, suna tara ruwansa suna dafawa har ya yi kauri kamar maɗi, kuma a wurinsu baƙi suka koya. Da yake sai an dafa kimanin lita 40 kafin a sami lita guda, itacen kuma ba ya isa tsaga sai ya yi wajen shekara 40, ma'abota wannan sana'a ba su da wata dukiya da ta fi lafiyar itatuwansu, don haka tilas suka naƙalci firasar gane mai ɓarna ta wurin alamar da ya bari.

Ilmi ne na gado, kuma a ganina ya cancanci girmamawa. Idan suka ga an ɗaye ɓawo can sama a cikin rassa, sun san beguwa ce, domin ta wancan yanki tana hawa bisa. Idan ƙananan huji ne a jere sahu-sahu, to, wani maƙwaƙƙwafi ne mai shan ruwan itace. Idan kuwa kan ɗan tsiro ne aka fizge ya yi buzu-buzu, barewa ce, saboda ba ta da haƙoran gaba na sama. Hatta jan kurege yana gatsa reshe ya tafi, ya dawo bayan ruwan ya bushe ya lashe zaƙin, abin da masanin halittu Bernd Heinrich ya tabbatar a jihar Men a 1992. Waɗannan duka maƙwabta ne na tun fil azal, kuma galibi itacen yana warkewa.

Musibar da ta fi ƙarfin wannan ilmi ta hanyar fatauci ta shigo. A 1996 aka ga wani baƙin ƙwaro mai fararen ɗigo da dogayen ƙahoni a Buruklin ta birnin Niyok, wanda ya zo daga ƙasar Sin cikin katakon ɗaurin kaya, sa'an nan ya ɓulla a Cikago a 1998. Illarsa a ɓoye take, domin tsutsarsa tana cin cikin itace alhali ganye na nan kore shar, ba a farga ba sai an ga huji zagayayye wanda fensir zai shiga, da garin katako a gindi, kuma a sa'an nan babu magani sai sara.

Garin Wusta na jihar Masacusets yana cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Bayan guguwar da ta ragargaza shi a 1953, mahukunta sun cika titunansa da mapul kusan zalla, suna nufin alheri, ba su san shimfiɗa suke yi wa annoba ba. Da ƙwaron ya bayyana a 2008, sai da aka sare itatuwa fiye da 30,000 a garin da kewayensa, aka haramta fitar da itacen girki daga yankin, ma'aikata suna hawa itatuwan mapul suna duba su reshe-reshe, don kada ɓarnar ta kai dazuzzukan masu sana'a na jihar Bamont da Kwibek.