Rahama Sadau: Fina-finai da shirye-shiryen talabijin da ta fito a cikinsu

Rahama Sadau na daga cikin 'yan wasan Hausa ƙalilan da suka yi suna a Kannywood, suka kuma samu gurbi a Nollywood, har ta leƙa masana'antar fina-finai ta Indiya. An haife ta a Kaduna ranar 7 ga Disamba, 1993, ta kuma yi karatun digiri a Jami'ar Eastern Mediterranean da ke arewacin tsibirin Saifurus.

Shigarta Kannywood

Ta fara fitowa a fina-finan Hausa a shekarar 2013, kuma jarumi Ali Nuhu ne ya buɗe mata ƙofa. Fim ɗin Gani Ga Wane, wanda suka fito tare da shi, shi ne ya fara sanar da masu kallo fuskarta. Daga nan ta fito a Jinin Jikina, da Mati da Lado, da Halacci. Galibin rawar da ta taka a wannan zango ta budurwa ce a labaran soyayya masu haɗe da waƙa da rawa, salon da ya mamaye kasuwar a lokacin. Ta lashe kambun gwarzuwar jarumar Kannywood na mujallar City People a 2014 da kuma 2015.

Dakatarwar 2016

A watan Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta sanar da korarta daga Kannywood, bayan ta fito a bidiyon wata waƙar soyayya ta mawaƙi ClassiQ. Ƙungiyar ta ce abin da aka nuna a bidiyon ya saɓa wa ƙa'idojin sana'ar da tarbiyyar al'umma. Hukuncin ya raba kan jama'a: wasu na ganin kare mutuncin masana'antar ne, wasu kuma na tambayar dalilin da ya sa mace kaɗai ta ɗauki nauyin laifin. Ta nemi afuwa a 2017, daga bisani kuma aka janye takunkumin.

Ayyukanta a Nollywood

Dakatarwar ta zo daidai da lokacin da ta fara samun manyan ayyuka cikin harshen Turanci. A 2016 ta fito a matsayin Binta Kutigi a Sons of the Caliphate, shiri mai dogon zango na tashar EbonyLife, wanda ya yi magana a kan siyasa, sarauta da dukiya a wata ƙagaggiyar jihar Arewa. Bayan haka ta taka rawar Yasmin, matashiyar matar aure, a shirin MTV Shuga Naija da ke wayar da kan matasa game da cutar ƙanjamau da tazarar haihuwa.

A 2018 ta fito a Up North, wanda Tope Oshin ta ba da umarni, aka kuma ɗauke shi a Jihar Bauchi. Fim ɗin ya ba da labarin ɗan wani attajirin Legas, wanda Banky W ya fito a matsayinsa, da aka tura yi wa ƙasa hidima a Arewa. A farkon 2022 ta zama Laila a Chief Daddy 2, wanda aka saka a manhajar Netflix, kana a 2023 ta fito a shirin The Plan tare da Ali Nuhu.

Shirya nata fina-finan

Ta kafa kamfaninta mai suna Sadau Pictures, wanda ya fitar da Rariya a 2017, a ƙarƙashin umarnin Yaseen Auwal. A 2020 ta shirya Mati a Zazzau, fim ɗin barkwanci da Sadiq Sani Sadiq ya jagoranta, wanda ya ɗora a kan labarin Mati da Lado. Wannan mataki ya ba ta ikon zaɓen labari da 'yan wasa da kanta, a masana'antar da yawancin masu zuba jari da masu ba da umarni maza ne.

Fim ɗin Indiya

A 2022 ta samu fitowa a Khuda Haafiz: Chapter 2, fim ɗin Indiya wanda Vidyut Jammwal ya jagoranta. Rawar ba mai tsawo ba ce, amma ta ja hankali a Arewa, inda aka shafe shekaru da dama ana kallon fina-finan Indiya, kuma daga gare su ne Kannywood ta aro waƙa da rawa.

Matsayinta a masana'antar

Kafin ita, mazan Kannywood irin su Ali Nuhu, Sani Danja da Yakubu Mohammed ne suka fi tsallakawa zuwa Nollywood. Ayyukanta sun nuna cewa 'yar wasan Hausa ma za ta iya riƙe babbar rawa a fim ɗin da ake kallo a faɗin ƙasa, tare da cewa ta fi takwarorinta maza fuskantar suka da sa ido a kan sutura da irin fitowar da take yi. Har yanzu tana aiki a ɓangarorin biyu, cikin Hausa da Turanci.