Binciken Tsarin Saƙo da Shaidar Karɓa a Musayar Takardun Ciniki ta Kwamfuta

Musayar takardun ciniki ta kwamfuta, wadda aka fi sani da EDI, hanya ce da kamfanoni ke aika wa juna odar kaya da takardar neman biya da sanarwar lodi, daga na'ura zuwa na'ura, ba tare da akawu ya sake bugawa ba. Da yake na'ura ce za ta karanta, wajibi ne a rubuta kowane saƙo bisa ƙa'idar da ɓangarorin biyu suka amince da ita.

Ƙa'idoji biyu ne suka fi yaɗuwa. Akwai X12, wadda aka kafa kwamitinta a Amurka cikin shekarar 1979, kuma a can aka fi amfani da ita. Akwai kuma EDIFACT ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda hukumar ISO ta amince da ita a 1987 da lamba 9735, ita ce kuma ta fi ƙarfi a Turai da harkar jiragen ruwa da kwastan.

A tsarin X12, saƙo yakan zo ne tamkar wasiƙa cikin ambulan uku. Na waje yana buɗewa da layin ISA ya rufe da IEA, na tsakiya da GS da GE, ita kuma takardar kanta da ST da SE. Kowanne yana da lambarsa, kuma dole lambar buɗewa ta dace da ta rufewa. Layin SE yana faɗin adadin layukan takardar. Idan ya ce 24 ne, na'ura ta ƙirga ta sami 23, to an san wani abu ya salwanta a hanya. Har ila yau na'urar tana duba ko an cike guraben da suke tilas, ko an sa harafi inda ake son lamba, da kuma ko kwanan wata ya bi jerin shekara, wata, rana.

Bayan binciken sai na'urar mai karɓa ta mayar da amsa. Idan ambulan na waje ne ke da matsala, amsar ita ce TA1. Amsar da ta shafi abin da ke ciki kuwa ita ce 997, wadda ke amfani da haruffa: A na nufin an karɓa, E an karɓa amma da kurakurai, P an karɓi wasu takardun an ƙi wasu, R kuma an ƙi. Tana ma nuna layi da gurbin da kuskuren yake. A EDIFACT saƙon CONTRL ne ke wannan aiki.

Abin lura a nan, wanda nan ne aka fi yin asara, shi ne iyakar ma'anar wannan shaida. Ma'aikacin ofis ya san cewa sa hannu a littafin masinja shaida ce kawai ta isowar wasiƙa, ba ta amincewa da abin da aka nema ba. Haka 997 take. Odar kaya, mai lamba 850, tana iya wuce bincike sumul alhali farashin da ke ciki kuskure ne, ko kuma kayan sun ƙare a sito. Amincewar mai sayarwa sai a wata takarda dabam, wato 855, ko ORDRSP a EDIFACT. Wanda ya ga harafin A ya ɗauka kaya na tafe, ya yi gaggawa.

Ba a aika shaidar karɓa a kan wata shaidar, don kada na'urorin biyu su yi ta amsa wa juna ba iyaka.

Tun kafin a fara, abokan cinikin sukan rubuta yarjejeniya a kan lokacin da amsa za ta iso, kuma da yawa sukan sa awa 24. Idan wa'adin ya cika shiru, abin da ya dace shi ne a tuntuɓi ɗaya ɓangaren tukuna. Sake aika odar da sabuwar lamba ba tare da bincike ba na iya sa a yi lodin kaya sau biyu, a kuma nemi biya sau biyu.