Daga Lista zuwa Ɗan Caina: Kanikancin Injin Gas a Karkarar Kano

Injin jirgin ruwan dakon kaya da injin niƙan ƙauyukan Dambatta da Makoɗa jinsinsu ɗaya. Dukansu ba su da fulogi: fistin ne ke matse iska har ta yi zafi, nozul ya fesa mai, wuta ta kama da kanta, dabarar da Rudolf Diesel ya tabbatar a Jamus a 1897. Girma ne ya raba su. Injin jirgin Emma Maersk na 2006 silinda 14 gare shi, faɗin kowace santimita 96, kuma juyinsa bai wuce kusan 100 a minti ba. A can komai da littafi ake yi. Injiniya na rubuta awannin da inji ya yi, idan adadin ya cika a zaro nozul a gwada shi ko da lafiyarsa lau, mai kuwa sai an dafa shi an tace kafin ya shiga. Mu nan littafinmu kunne ne da launin hayaƙi.

Iyayen gidanmu a kan Lista suka koyi aiki, injin kamfanin R. A. Lister na garin Dursley a Ingila. Samfurin da ya fi shiga ƙauye shi ne mai doki 6, silinda ɗaya, da manyan ƙafafun ƙarfe biyu masu juyi 650 a minti. A shekarun 1970 ya bazu a garuruwan kasuwa irin su Bichi da Kunchi da Minjibir, ya sauke wa matan kulle dutsen niƙa, yara suka koma jera kwanukan gero da dawa a bakin rumfa tun hantsi. Inji ne mai haƙuri. A girke shi kan siminti, a haɗa masa duro na ruwa, ruwan zafi ya hau mai sanyi ya sauko ba tare da famfo ba.

Horon wancan zamanin da tsauri yake. Yaron inji ba ya taɓa hannun murzawa sai ya duba baƙin mai, ya ɗiga mai a kan bawul, ya cika duro, ya taɓa bel ya ji ƙarfinsa. Gas kuwa ba a zuba shi ranar da aka sayo. Sai ya kwana a jarka ruwa da datti sun kwanta, sannan a tsiyaye na sama ta ƙyalle. Abin da na'urar tace mai ke yi a jirgin ruwa ke nan, mu da tsumma muke yinsa. Bayan kaka, kafin aikin surfe ya yi yawa, a kwance kan inji a kankare baƙin da ya daskare, a wasa bawul, a sa sabon gasket.

Babban makiyinmu ƙura ce. Injin teku gishiri da laima ke damunsa, namu hazon hunturu da garin da yake niƙawa da kansa. Ƙurar da ta wuce matatar iska takan gauraya da baƙin mai ta riƙa cin ringi da silinda a hankali. Shi ya sa bakanike na gari kan nemi a yi katanga tsakanin inji da tukunyar niƙa, kodayake masu inji kaɗan ne ke yarda da kuɗin bulo. Hayaƙi kan faɗi sauran: baƙi na nufin nozul ya lalace ko kaya sun yi nauyi, shuɗi ringi ya gaji yana shan baƙin mai, fari kuwa a nemi ruwa a inda bai kamata ba.

Shekarar 1986 ce ta juya sana'ar. Gwamnatin Babangida ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, Naira ta faɗi, kayan gyaran Ingila suka fi ƙarfin mai inji na ƙauye. A shekarar ne aka haɗe kamfanin Lister da na Petter, ba a jima ba aka daina ƙera tsohon samfurin a can. Indiyawan Rajkot suka ci gaba da kwaikwayonsa, kuma da kayansu muka riƙa raya tsofaffin injuna, duk da wani lokacin sai ka wanke yashin zubi daga cikin sabon ƙarfe kafin ka ɗaura. A tsakanin nan hukumar aikin gona ta jihar Kano, KNARDA, ta cika fadamu da ƙananan famfunan fetur, matasa da yawa suka bar gas suka bi su Honda zuwa lambunan Tomas da Watari.

Sai ɗan Caina ya iso, su Changchai da Changfa, mai tukunyar ruwa a ka, mai juyi sama da 2,000 a minti. Ba na raina shi: ya sa wanda bai taɓa mafarkin inji ba ya mallaki nasa, kuma kayansa na nan a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari. Amma arharsa ta kashe al'adar sabis. Inji mai sauri ya fi Lista buƙatar juyen baƙin mai a kan lokaci, shi kuma aka fi yi wa sakaci. Ka ce, "Alhaji, man nan ya mutu," ya ce, "Malam, ai yana tashi, bari sai kasuwa ta ci." Kafin kasuwa biyu metal ya narke, inji ya buga, kuɗin galan ɗaya ya zama kuɗin karanshaf.

Tun 2022 da gas ya yi tashin gwauron zabi, har lita ta haura Naira 1,000 daga baya, wata sabuwar cuta ta shigo: ana gauraya shi da kananzir ko tsohon mai, famfon inji da nozul su tafi a wata guda. Masu lambu na komawa sola, masu niƙa da ke kusa da layin lantarki na sa mota. Yaran da ke zuwa koyo a rumfata yanzu sun fi tambayar haɗin waya da batir, sai na tilasta musu kafin su zauna wasa bawul.