Gulbin Maraɗi da tafkin Madarumfa: yadda ake auna lafiyar ruwan yankin Ɗan Isa

Ɗan Isa ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Madarumfa, jihar Maraɗi, a kan hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi Jibiya zuwa Katsina. Ko da yake Nijar ba ta da gaɓar teku, yankin yana da ruwaye biyu da noma da kiwo da sun kifi suka dogara da su: Gulbin Maraɗi da tafkin Madarumfa. Irin awon da masana ke yi a bakin teku don sanin lafiyar ruwa, shi ake yi a nan, illa dai babu batun haɗuwar ruwan gishiri da na daɗi.

Mafarin gulbin da inda ya nufa

Gulbin Maraɗi ya taso ne daga jihar Katsina a Najeriya, inda ake kiran sashensa na sama kogin Gada. Yana shigowa Nijar ta wajen Nyelwa, ya wuce Madarumfa da Jiratawa da birnin Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Daga can ruwan yana haɗuwa da kogin Sakkwato, ya shiga kogin Kwara, ya ƙare a tekun Atlantika.

Gulbin ba ya gudu duk shekara. Da damina yake kawo ruwa, da rani kuma sai yashi. Amma ruwan da ya nutse a cikin yashin shi ne ke cika rijiyoyin fadama, kuma da shi ake noman rani. Fadamar Jiratawa, wadda aka gyara a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin hukumar ONAHA, da ruwan ƙarƙashin ƙasa na wannan kwari take aiki.

Tafkin Madarumfa

Wannan tafki shi ne mafi girma a jihar Maraɗi daga cikin waɗanda ba sa ƙafewa. Gulbin Gabi, wanda ke fitowa daga kudu ta wajen dajin Baban Rafi, yana zuba masa ruwa. Faɗinsa yana ƙaruwa da damina, ya ja baya da bazara, saboda a irin wannan yanki rana da iska suna shanye abin da ya kai kimanin mita 2 na ruwa a shekara, alhali ruwan saman da ake samu bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba.

A watan Disamban 2019 aka saka tafkin a jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, da faɗin hekta 524. An ƙulla yarjejeniyar a 1971 a ƙasar Iran, Nijar kuma ta shige ta a 1987. Masunta suna kama tarwaɗa da ƙarfasa a tafkin, makiyaya suna shayar da bisashe, tsuntsaye masu ƙaura kuma suna yada zango. A kewayensa akwai kaburburan da jama'a suka sani da na waliyyai 99, waɗanda ake kai wa ziyara kowace shekara.

Abubuwan da ke barazana ga ruwan

Na farko shi ne yashi. Idan aka sare itatuwa aka nome gangare har bakin ruwa, koramu suna kwaso rairayi da laka su zuba a tafki. Zurfi yana raguwa, ruwa ya fi saurin ɗaukar zafi da ƙafewa, wuraren da kifi ke ƙwai kuma su binne.

Na biyu shi ne madatsar ruwa ta Jibiya, wadda aka kammala a 1989 a kan kogin Gada, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 142. Madatsa tana canza lokacin da ruwa ke isowa da yawansa. Ambaliya tana raguwa, amma haka ma lakar da ke takin fadama da ruwan da ke cika rijiyoyi.

Na uku shi ne taki da maganin ƙwari. Idan sinadaran takin zamani suka yi yawa a tafki, gansakuka da ciyayin ruwa suna bunƙasa. Da suka mutu suka ruɓe, sai su cinye iskar oksijin da kifi ke shaƙa.

Na huɗu sabo ne. A 2021 aka gano zinariya a yankin Ɗan Isa, dubban mutane suka kwararo. A watan Nuwamban shekarar ramuka suka rufta a Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka rasu. Baya ga haɗarin rami, haƙar gargajiya tana da haɗari ga ruwa, domin wankin ƙasa yana sakin laka, kuma a wurare da yawa ana amfani da sinadarin makuri wajen tace zinariya, wanda ke taruwa a jikin kifi. A Zamfara, gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010.

Abin da ake aunawa

Masu bincike suna ɗibar ruwa a wurare daban-daban, da damina da kuma rani, domin awo ɗaya ba ya nuna halin shekara. Manyan abubuwan da suke dubawa su ne:

Gurɓatar ruwa da laka. Ana zura faranti mai fari da baƙi a cikin ruwa har ya ɓace wa ido, a auna tsawon igiyar. Gajeriyar igiya tana nufin laka ko gansakuka sun yi yawa.

Iskar oksijin. Idan ta sauka ƙasa da miligiram 2 zuwa 3 a lita, yawancin kifaye suna shiga wahala. An fi auna ta da asuba, lokacin da ta fi ƙaranci.

Sinadarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 na naitiret da miligiram 1.5 na fuloraid a kowace lita ta ruwan sha. Mutanen Tsibiri sun san muhimmancin wannan awo: daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa farkon 2000, ruwan wata rijiyar burtsatse mai fuloraid fiye da kima ya lalata haƙora da ƙasusuwan yara da dama a garin.

Ƙwayoyin cuta. Samun ƙwayoyin da ke fitowa daga bayan gida yana nuna kashin mutane ko na dabbobi yana shiga ruwan. Ana kuma duba dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya.

Halittun ruwa. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama, don haka tana jure ruwan da ya lalace. Idan ita kaɗai ta rage a koma, sauran kifaye suka ɓace, alama ce ta damuwa. Shi ya sa bayanin masunta game da abin da suke kamawa yake cikin hujjojin da ake tattarawa. Ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a watan Janairu a ƙasashe da yawa ita ma ma'auni ce.

Faɗi da zurfi. Hotunan tauraron ɗan Adam suna nuna yadda bakin tafki ke matsawa daga shekara zuwa shekara, ma'aunan da ake kafawa a gulbi kuma suna nuna yawan ruwan da ya wuce.

Abin da doka ta tanada

Doka mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamban 1998 ita ce ginshiƙin kula da muhalli a Nijar. Doka mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayun 2018 ta wajabta binciken tasirin muhalli kafin a fara duk wani aiki da zai iya taɓa ƙasa ko ruwa ko lafiyar jama'a, kamar madatsa ko hanya ko mahaƙa. Ofishin BNEE ne ke tantance rahotannin, kuma dokar ta tanadi a sanar da mazauna wurin a saurari ra'ayinsu. Kundin dokar ruwa na 2010 ya tsara yadda ake amfani da ruwa da kare shi.

Da yake gulbin na ƙasashe biyu ne, akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 18 ga Yulin 1990, wadda Nijar da Najeriya suka sanya wa hannu kan raba ruwan da suka yi tarayya a kai bisa adalci. Kwarin Gada da Gulbin Maraɗi yana cikin kwaruruka huɗu da ta ambata, tare da Magiya da Tagwai da Komadugu Yobe. Hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu, wadda aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, ita aka ɗora wa bin diddigin aiwatar da ita, ciki har da musayar bayanan awo tsakanin ɓangarorin biyu na iyaka.