Tarihin Gam Mai Daskarewa Da Haske

Wajen shekarar 1936, a ƙasar Suwizalan, akwai wani masanin haɗa magunguna ana ce da shi Pierre Castan, yana aiki a wani kamfanin kayan gyaran haƙori. Cikin bincikensa ya sami wani irin danƙo wanda in ya daskare yakan kama ƙarfe da katako tamau. Shi ne ake kira efoksi. A shekarar 1946 kamfanin Ciba ya fito da shi kasuwa da sunan Araldite.

Amma fa gam ɗin nan yana da wata wahala. Ba ya daskarewa sai an gauraya shi da mahaɗinsa. Da zarar an gauraya kuwa, to, bakin alƙalami ya bushe: in ma'aikaci ya yi nawa, ragowar ta sandare a kwano, a yi asara. Wani irin kuma sai an gasa shi a tanderu sa'o'i, ga shi takarda da roba ba su jure wa zafi.

Saboda haka masana suka shiga neman mahaɗin da zai kwanta cikin gam shiru, sai ran da aka tashe shi. An fara gwada wani a Amurka don shafen gwangwani, amma yakan fitar da iska, shafen ya yi kumfa, kuma ba ya ajiyuwa.

Cikin shekarun 1970 James Crivello, na kamfanin General Electric, ya warware matsalar. Ya haɗa waɗansu gishiri, na aidin da na farar wuta, waɗanda ke zama cikin gam wata da watanni ba su motsa ba. In aka haska musu fitila mai irin hasken nan na rana da ido ba ya gani, sai su fashe, su saki asid mai ƙarfi. Asid ɗin shi ke sa ƙwayoyin gam su yi ta kama juna kamar sarƙa, cikin 'yan daƙiƙoƙi saman ya bushe. Abin mamaki, ko an kashe fitila aikin ba ya tsayawa sai ya ƙare.

Crivello ya rasu a 2015. Da hikimarsa ake busar da tawadar ɗab'i, da shafen gwangwani, da gam na kayan lantarki, har da injin da ke gina siffar abu hawa-hawa da haske. Dā gam ke yanka wa ma'aikaci lokaci. Yanzu kuwa ma'aikaci yakan daidaita aikinsa a natse, sa'an nan ya kunna fitila.