Kikin Babur Mai Ramawa: Dalilin Karyewarsa Da Yadda Ake Kauce Wa Rauni

A watan Yulin 2011 ne gwamnatin Kashim Shettima ta hana hawa babur a Maiduguri da Jere saboda matsalar tsaro. Tun daga nan unguwanni irin su Shehuri ta Arewa da Shehuri ta Kudu, waɗanda ke maƙwabtaka da fadar Shehun Borno, suka koma hannun masu Keke Napep. 'Yan acaɓa da yawa sun tattara sun nufi wasu garuruwa, wasu har Legas da Ibadan. A Legas ma doka ta biyo su, domin daga 1 ga Yunin 2022 an hana okada a ƙananan hukumomi 6, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere. Duk da haka babur ne abincin dubban 'yan uwanmu a Kudu, kuma ga mai biyan balas kullum, yini ɗaya a wajen makanike ba ƙaramar asara ba ce. Cikin matsalolin da ke zaunar da mutum akwai wadda ake rainawa: kiki ya rama, ko ya karye.

Mece ce ramawar kiki?

Ramawa ita ce ka taka kiki, maimakon inji ya tashi sai ƙarfen ya dawo sama da ƙarfi ya doki ƙafarka. Ga yadda abin yake. Fulogi yana ba da wuta ne tun kafin fistin ya ƙarasa can sama, da ɗan kaɗan. Idan inji na gudu, nauyin magineto yana tura fistin ya haye, sai wutar ta kora shi gaba. Amma idan juyin ya yi sanyi, ko wutar ta zo da wuri fiye da ƙima, man da ya kama zai tura fistin baya tun bai haye ba. Inji sai ya juya a baibai. Haƙoran kiki an yi su ne su saki idan inji ya yi gaba, amma idan ya yi baya kamawa suke yi. To duk wannan ƙarfin a kan ƙarfen kiki da ƙafar mai shi yake sauka.

Matsalar tsohuwa ce. Motocin farko da hannu ake murɗa su, kuma ramawa ta karya wa direbobi da yawa wuyan hannu, har likitocin Turai suka sa wa irin karayar sunan direba. Sai a 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai sitata, wadda Charles Kettering ya ƙera.

Inda aka fi saninta

A Turai akwai wasan babur da ake kira tirayal. Ba tsere ba ne, hawa duwatsu da gangare ne a hankali, kuma duk wanda ya dire ƙafa a ƙasa an ci shi maki. Gasar kwana 6 ta Sikotland tun 1909 ake yin ta. Baburan wasan, irin su Beta da Sherco da GasGas, ba su da wurin zama, nauyinsu kusan kilo 70 ne, injinsu kuwa yakan kai 250cc zuwa 300cc. Inji babba, kiki gajere, ga shi an rage nauyin kowane ƙarfe. Shi ya sa karyewar kiki sananniyar cuta ce a wajensu. Boxer ko Jincheng ɗinka mai 100cc bai kai su ƙarfi ba, amma dalilan duk ɗaya ne.

Abubuwan da ke kawo ta

1. Rabin taku. Mutum ya ɗan taɓa kiki cikin kasala, inji bai samu juyin da zai haye ba.
2. Murɗa totur lokacin bugawa. Mai da iska sun shiga da yawa, matsi ya ƙaru, ramawar ta yi muni.
3. Taimin ya goce. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kamar rabin wata da ke riƙe magineto a mazauninsa. Idan notin magineto ya saki, ɗan ƙarfen nan yakan yanke, sai wuta ta riƙa zuwa ba a lokacinta ba.
4. CDI da ba na babur ɗin ba, ko wanda ya soma lalacewa.
5. Baƙin datti da ya daskare a kan fistin, wanda ke ƙara matsi.
6. Kabureta mai yoyo. Idan mai ya kwarara ya cika saman fistin, kiki zai ƙame kamar ka taka dutse. Wannan ba ramawa ba ce, amma wanda ya dage ya hau da nauyinsa zai lanƙwasa ƙarfe.

Me ke lalacewa?

Mafi sauƙi shi ne ƙarfen kikin ya tsage a wuyansa, inda yake naɗewa. Na biyu, haƙoran sandar da kikin ke kamawa su cinye, musamman idan an bar notinsa a sake yana wasa. Na uku, giyar kiki ta cikin inji ta zubar da haƙori, guntun ya faɗa cikin baƙin mai. Mafi tsada kuwa shi ne murfi ko kaskon inji ya tsage a mazaunin sandar. Nan kam sai an sauke inji an buɗe shi.

Maganar walda

Da yawa idan haƙora suka cinye sai a ce a kai wa mai walda ya haɗe kiki da sandarsa. Yana tashi, ba a ce ba ya tashi ba. Amma zafin wutar yana ƙona robar da ke tare baƙin mai, kuma a yawancin babura murfin dama ba ya fita sai an cire kiki. Ranar da kuloci ya buƙaci gyara, sai an yanke. Ga kuma babbar magana: idan taimin ne ya goce, sabon kiki ma karyewa zai yi. Babur ɗin da ya rama sau biyu ko uku a jere, ka ce wa makanike ya fara duba magineto da CDI kafin ya sayo komai.

Yadda ake buga kiki

Sa babur a firi, ka tabbatar ya tsaya daidai. Da sanyin safiya ja cok, ka bar totur a rufe. Taka a hankali har ka ji ya yi tauri. A inji irin na Boxer, ɗan ƙara kaɗan ya wuce taurin, ka bar kiki ya dawo sama, ka ji haƙora sun kama, sannan ka taka gaba ɗaya har ƙasa da bugu ɗaya. Kada ka ƙame gwiwa, bar ta da ɗan lanƙwasa. Tsakiyar tafin ƙafa ake ɗorawa, kuma da takalmi mai rufi, ba silifas ba. Idan ka buga sau biyar ko shida bai tashi ba, tsaya ka duba fulogi da mai. Duk mako ka gwada notin kiki da sifana. Masu tsohon keke mai sandar ja da hannu su ma su kiyaye, domin nasu a wuyan hannu yake ramawa.

Idan ya riga ya doke ka

Ɗaga ƙafar, ka ɗora ƙanƙara a cikin tsumma na kamar minti 20. Idan ba ka iya taka ƙafar, ko idon sawu ya kumbura sosai, ko ƙashin na zafi idan an danna, je asibiti a ɗauki hoto kafin a kai ka wajen mai ɗori. Tsagewar ƙashi takan yi kama da targaɗe, kuma wanda ya ci gaba da aiki a kanta yana iya mayar da jinyar makonni ta koma ta watanni. Kiki ana samun sa a kowane shagon kayan babur, ƙafa kuwa ba a sayar da ita a Ladipo.