Tarihin Ɗakunan Ajiya na Haya a Amurka

Ɗakunan ajiya na haya, inda mai kaya ke garƙame ƙofa da kwaɗonsa ya tafi da makulli, sun bunƙasa ne a jihar Tekzas ta Amurka a shekarun 1960. Kafin nan, kamfanonin kwashe kayan masu ƙaura, irin su Bekins da aka kafa a 1891, su ke jibge kayan jama'a a manyan sito, makulli kuwa yana hannun kamfani. A 1972 B. Wayne Hughes da Kenneth Volk suka kafa Public Storage a Kaliforniya, sana'ar ta bazu ko'ina.

Mazauna unguwannin tsofaffin gidaje suna da dalilinsu na neman waɗannan ɗakuna. An gina gidajen ne lokacin da tufafin mutum ba su wuce cikin akwati da kabad ba, shi ya sa ma'ajin bangonsu ƙarami ne. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuma danshi ke damunsa, ya lalata takardu da katako. Saboda haka mai zaɓen ɗakin ajiya yakan duba kusanci da gida, da girman ɗaki (mai ƙafa 10 tsawo da faɗi ya fi yawa), da ko akwai na'urar daidaita zafi da danshi.